Tabon da ba ya ƙaiƙayi: zare a kan zubewar gashi a Sabon Birni da Isa

1/ Zare 🧵 Akwai wata larura da ke cinye gashin kai ko na gemu, ta bar fili mai santsi, zagayayye kamar an kifa murfin kwalba an aske. Ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje, ba ruwa. Likitoci na kiranta alofeshiya ariyata. A wajenmu, daga Sabon Birni har Isa, kowa da sunan da ya ba ta, kuma maganin da za a yi mata yana bin sunan.

2/ Abin da nake son faɗa a zaren nan ɗaya ne. Cutar ba ta kashe tushen gashi. Da yawan waɗanda na gani da tabon da ya zauna har abada, maganin da aka yi musu ne ya kashe shi. Ku yi haƙuri da tsawo, akwai wanda aurenta ko fatar kansa ke rataye a kan wannan magana.

3/ Mai ita ba shi ke fara gani ba, don ta fi son ƙeya da gefen kai. Wanzami ne zai tsai da aska ya ce, "Kai, mi ya same ka nan?" Ko mai kitso ta yi shiru tana tsaga, ta gama, ta fita, kafin la'asar rabin unguwa sun ji.

4/ Daga nan fassara ta fara. Wani ya ce aljani ne ya yi aski cikin dare. Wata ta ce an yanki gashin an kai wa boka. In gidan kishiyoyi ne, ba sai an faɗi wadda ake zargi ba. Masu sauƙin rai su ce makero ne. In kuwa gira ta taɓu, sai a yi ƙasa da murya, don kowa ya san cutar da ake tsoro.

5/ Ga abin da ke faruwa a jiki. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ke ruɗewa ta kewaye tushen gashi kamar baƙo ne. Kamar 'yan sintiri su ruɗe cikin duhu su tsare ƙofar ɗan garinsu. Sun hana shi fita, amma yana ciki da ransa. Ranar da suka janye, gashi zai fito.

6/ Ba a ɗaukarta. Ko kun haɗa aska, hula, mataji ko matashin kai, ba za ta kama ka ba. Ba ƙazanta ke kawo ta ba, ba yunwa ba. Tana iya bin jini, ana samun ta a dangi ɗaya, kuma takan zo tare da ciwon ƙwayar maƙogwaro ko farin tabon fata. Wani ma har farcensa ke yin ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura.

7/ Kuma ba baƙuwa ba ce. Binciken da asibitin Mayo ya yi a wani yanki na jihar Minesota a Amurka ya nuna kusan mutum 2 cikin 100 za su same ta a rayuwarsu. Duba sahun Juma'a a Isa ka yi lissafi da kanka. Hula da ɗankwali ne kawai suka rufa mana asiri.

8/ 'Yan ƙwallo, kun tuna alƙalin wasan nan ɗan Italiya, Pierluigi Collina, mai kai tas ba gira? Wannan cutar ce, nau'in da ke kwashe gashin jiki duka. Shi ya hura wasan ƙarshe na Olamfik a 1996 da Najeriya ta ci Ajantina 3 da 2, shi ya hura wasan ƙarshe na kofin duniya a 2002. Lafiyarsa ƙalau.

9/ Yanzu ga inda ake cin kuɗinmu. In tabon ɗaya ne ko biyu ƙanana, sau da yawa gashin na dawowa da kansa cikin wata shida zuwa shekara, ko ba a shafa komai ba. Littattafan likitocin fata na cewa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na masu ita haka suke warkewa cikin shekara.

10/ To ka ga duk mai maganin da ya zo daf da lokacin da gashin zai dawo, shi ya ci gari. Ka sha na farko bai yi ba, ka shafa na biyu bai yi ba, na uku ya dace da watan da garkuwar ta janye. Shi ke nan, mai na uku ya samu shaida mai rai, kai ma za ka rantse da Allah ka tura masa mutum goma.

11/ Ba lallai maƙaryaci ne ba. Shi ma ya ga gashi ya fito da idonsa. Waɗanda bai yi wa aiki ba ba sa komowa su faɗa masa, sun wuce kasuwa ta gaba. Haka ake samun mai magani a kowace kasuwar mako da ke da tabbacin nasa ne kaɗai na gaskiya, alhali kayan haɗin nasu ba su ko kama da juna.

12/ Da a ce maganin ruwan rubutu ne ko man kaɗanya, da ban buɗe zare ba. Ba su ƙona kowa. Addu'a kuwa ba wanda zai hana ka, ni ma ina yi. Damuwata waɗanda ke cin fata ne: dakakkiyar tafarnuwa da ake ɗaurewa ta kwana, ƙaron tumfafiya, ƙaron tinya, sodar sabulu, har ruwan batir.

13/ Sai tsaga da sakiya. A ce wai jinin wurin ne ya mutu, a tsattsaga a goga magani, ko a ɗora ƙarfe mai zafi. Ɗan'uwa, tushen gashi yana cikin fata ne, 'yan milimita kaɗan. In ƙuna ko miki ya kai can ya warke da tabo, wurin ya zama kamar fatar tsohon ƙuna. Babu likita a Sakkwato ko Landan da zai tsiro da gashi a nan da magani.

14/ Na ga yarinyar da tabonta bai fi girman kwabo ba aka ɗaura mata tafarnuwa kwana uku. Sauran wuraren da suka zube daga baya, waɗanda ba a taɓa ba, duk sun cika. Wurin da aka yi wa magani ne kaɗai ya rage, yana ƙyalli, kuma da shi za ta shiga ɗakin miji.

15/ Na san za a ce, "Ai Turawa ma sun yarda da albasa." E, akwai binciken. A 2002 wasu likitoci biyu a Iraƙi sun gwada ruwan albasa a kan masu wannan cuta, mutum 38 suka kammala, kuma waɗanda suka shafa albasa sun fi waɗanda suka shafa ruwan famfo samun gashi.

16/ Amma mutum 38 ba yawa ba ne, kuma ba yadda za a yi ka ɓoye wa mutum cewa albasa ce a kansa, hancinsa zai gaya masa. Mu da muke maƙwabtaka da Goronyo da Wurno, da albasa na gama wannan aiki, da ba a ga mai tabo ko ɗaya a gabashin Sakkwato ba. In za ka gwada, ruwanta kawai, ka wanke, ka daina in ta fara ci. Tafarnuwa ɗanya kam a'a.

17/ Abu na gaba da ke ɓata mana lokaci shi ne haɗa cututtuka daban-daban a suna ɗaya. Makero, wanda ya fi kama yara da almajirai, yana da garin fata kamar toka, yana ƙaiƙayi, gashin karyewa yake ya bar guntaye, wani lokaci ya kumbura ya yi mugunya. Shi ana ɗauka, ta aska da hula.

18/ Makero ƙwayar cuta ce irin ta fumfuna, kuma ta shige cikin gashin, don haka man shafawa kaɗai ba ya kashe ta. Sai an sha ƙwaya, irin girisofulbin, mako shida zuwa takwas. Mayukan nan na kemis masu haɗi uku, da sitiroid a ciki, lafar da shi suke yi a ido yana ƙara yaɗuwa a ƙasa.

19/ Ka ga illar rashin suna: mai makero a shafa masa sitiroid ya ƙaru, mai alofeshiya a ɗura masa maganin makero wata biyu ba amfani. Duk biyun sun kashe kuɗi, duk biyun za su ce asibiti ta gaza, su koma wajen mai tumfafiya.

20/ Mata, gashin goshi da na gefen kunne da ke ja da baya sannu a hankali, wannan yawanci kitso ne mai tsauri da man miƙar da gashi. A sassauta tun da wuri ya dawo, a daɗe ya tafi ke nan. Wanda kuma ke zuba ko'ina a mataji wata biyu ko uku bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, ko ƙarancin jini, shi ma daban ne, kuma yana dawowa.

21/ Batun gira. Kuturta na iya zubar da gira, gaskiya ne. Amma tana zuwa da nata alamu: tabo a fata mai haske wanda in an taɓa ba a ji, mutuwar yatsu, kaurin fatar fuska ko kunne. Tabon alofeshiya kuwa in ka taɓa da auduga mutum zai ji sarai. Ma'aikacin lafiya zai iya wannan gwajin cikin minti biyu.

22/ Ko da kuturtar ce, ana warkewa, kuma maganinta kyauta ne a duniya tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Asibitin Amanawa na nan kusa da Sakkwato, ya daɗe a kan wannan aiki. Ɓoye mutum a ɗaki don gira ta zube zalunci ne ko wace cutar ce. Tunjere ma na iya cin gashi gutsi-gutsi kamar asu ya ci tufa, gwajin jini ke raba gardama.

23/ Ana yawan tambaya ko tashin hankali na kawo ta. Mutanenmu sun kwana a daji, sun biya harajin 'yan bindiga, wasu sun tsallaka Gidan Rumji da Maraɗi da abin da ke jikinsu kawai. Masu ita da yawa na cewa bayan wani firgici ta fito. Yana iya zama abin da ya tayar da ita ga wanda jikinsa ke ɗauke da halin. Amma kar a ce wa mutum "ka rage tunani" a sallame shi, kamar shi ya ja wa kansa.

24/ To mene ne maganin gaske? Ga babba mai tabo kaɗan, wanda likitocin fata suka fi dogara da shi allura ce ta sitiroid mai suna tiramsinolon, a tsarma ta, a yi ta ɗigo-ɗigo cikin fatar wurin, duk bayan mako huɗu zuwa shida. In za ta yi aiki, cikin wata ɗaya zuwa biyu ake fara ganin tsiro.

25/ Aikin likita ne. In an yi ta da ƙarfi ko an zurfafa, fatar wurin na lotsawa, a baƙar fata irin tamu kuma ta yi fari. Kar ka saya ka kai wa yaron kemis ya soka maka. Ga yara, an fi amfani da man sitiroid mai ƙarfi na ɗan lokaci, bisa ƙa'ida, wani lokaci a haɗa da minoksidil.

26/ Ku gane wannan: duk waɗannan suna taimaka wa tabon da ke nan ya cika ne. Ba sa hana wani fitowa a wani wuri baɗi. Cuta ce mai tafiya ta dawo. Duk wanda ya ce maka sau ɗaya za ka sha ka rabu da ita har abada, ya fi likitocin duniya sani ko kuwa kuɗinka yake so.

27/ Ƙwayar sitiroid ta sha, irin wadda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, tana iya fito da gashi. Shi ya sa take da haɗari, don mutum zai ga aiki ya ƙi dainawa. Ka tsaya gashin ya sake zubewa, ka ci gaba ka gamu da hawan jini, ciwon suga, kumburin fuska da lalacewar ƙashin ƙugu. Musayar gashi da ƙugu ba ciniki ba ne.

28/ Ga masu nau'i mai tsanani, wanda ya kwashe rabin kai ko duka, an samu ci gaba na gaske. Wata masaniyar ƙwayoyin gado a jami'ar Kolombiya ta Amurka, Angela Christiano, wadda ita kanta tana da cutar, tana cikin waɗanda suka gano hanyar da garkuwar ke bi wajen kai harin. Daga nan aka gwada ƙwayoyin da ke toshe hanyar.

29/ Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Olumiant a Yunin 2022, sai Litfulo a Yunin 2023 ga 'yan shekara 12 zuwa sama, sai Leqselvi a Yulin 2024. A manyan gwaje-gwajen Olumiant, kusan mutum ɗaya cikin uku da suka sha babban awo sun samu gashi ya rufe kashi 80 cikin 100 na kansu a mako 36.

30/ Ɗaya cikin uku, ba kowa ba. In an daina sha, yawanci yana sake zubewa. Farashi kuwa, Litfulo ta fito a kan dala 49,000 a shekara. In ka lissafa dala a naira 1,500, ya haura naira miliyan 70. Mai albashin naira 70,000 sai ya yi sama da shekara 80 bai ci bai sha ba kafin ya biya na shekara ɗaya.

31/ Akwai masu araha daga Indiya da Bangaladash, kuma an fara tallarsu a intanet. Nan nake roƙonku. Waɗannan ƙwayoyi rage ƙarfin garkuwa suke yi. In kana ɗauke da tarin tibi a kwance, ko ciwon hanta nau'in B, suna iya tayar da shi. Duka biyun muna da su da yawa a Arewa, kuma mutane da dama ba su san suna ɗauke da su ba. Ba gwajin jini da na ƙirji, ba likita mai bibiya, kar ka haɗiya.

32/ Nasihar da ake gani a intanet kullum ita ce "je ka ga likitan fata". Mai faɗin haka bai san hanyarmu ba. Likitocin fata ƙalilan ne a Najeriya, suna manyan birane. Daga nan sai ka nufi asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka biya mota, ka kwana, ka jira ranar asibitin, ka maimaita duk wata.

33/ Kuma hanyar ita ce wadda aka ƙona matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021. A kan hanyar komawa gida daga Sakkwato aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Yulin 2024, bai dawo da rai ba. Allah ya ji ƙansu. Wa zai ce wa magidanci ya bi ta sau shida saboda tabon da hula ke rufewa?

34/ Don haka ni a ganina, babba mai tabo ɗaya ko biyu, masu santsi, ba ƙaiƙayi ba miki, ya fara da asibitin da ke kusa, a tabbatar ba makero ba ne, a gwada ko yana ji a wurin. Sannan ya ɗauki hoto duk farkon wata, da kwabo ko murfin kwalba a gefe don awo, ya ba shi wata uku ba tare da ya ƙona komai ba. Jira a nan shi ma magani ne da likitoci suka yarda da shi.

35/ Wanda ya cancanci wahalar tafiya: in tabon na yaɗuwa da sauri suna haɗewa, in gira ko gashin ido sun fara, in ya zagaye ƙeya daga kunne zuwa kunne kamar rawani, in ƙaramin yaro ne kuma yana ƙaruwa, in akwai mugunya, ko wurin ya mutu ba a ji, ko wuya ya kumbura da rama da bugun zuciya.

36/ Abin da nake nema daga hukumomin lafiya na jiha bai kai kuɗin mota ɗaya ta ofis ba. A koya wa likitocin manyan asibitocin Isa da Sabon Birni allurar cikin fata. A ba ma'aikatan ƙananan asibitoci lambar WhatsApp ta likitan fata a Sakkwato, su tura hoto ya duba. Cutar fata na cikin waɗanda hoto mai kyau ke bayyana rabin labari.

37/ Na san sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne, mun ga Satumbar 2021 da aka katse shi a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Amma wannan larura ba ta gaggawa ba ce. Hoto zai iya kwana uku a waya kafin ya tafi, ba abin da zai lalace.

38/ Sai wanzamai. Ana yawan zaginsu a irin wannan magana, ni ban ga amfanin haka ba. Su ke ganin kan kowane namiji a Gobir duk mako biyu, ba likitan da ke da wannan dama. A zauna da sarakunan aska yini ɗaya, a nuna musu bambancin makero da tabo mai santsi, a roƙe su abu biyu: kar su tsaga, su tura asibiti. Masu kitso ma haka.

39/ Abin da ya fi ciwo ba a fata yake ba. Matar da aka ce kishiyarta ta yi mata asiri, gida ya kama wuta a kan abin da ba wanda ya aikata. Budurwar da aka fasa aurenta don mai kitso ta yi magana. Malamin da gemunsa ya yi rami ana yi masa kallon mai wasa da reza. Yaron da ya daina zuwa makaranta don 'yan ajinsu na fizge masa hula.

40/ Iyaye, in ɗanku ne, ku je da kanku ku gaya wa malaminsa ba a ɗauka, a bar shi da hularsa a aji. In ɗiyarku ce kuma maganar aure ta taso, ku faɗa wa mai nema da bakinku tun kafin ya ji a bakin wata. Ba ta hana haihuwa, ba ta taɓa hankali, ba ta rage kwana.

41/ Wanda kansa ya zube duka ya kula da rana, fatar kai na ƙonewa, musamman a bazara in ana aikin gona. In gashin ido ya tafi, ƙurar hunturu za ta dame shi, tabarau na taimakawa. Gashin hanci ma yakan tafi, sai yawan yoyon hanci da atishawa.

42/ In gashin ya fara dawowa, yakan fito siriri, fari ko ruwan toka, kamar na jariri, ko da mai shi ɗan shekara 15 ne. Mutane na ganin haka su ce furfurar asiri ce, su tuge ko su koma neman wani magani. A bar shi. Baƙin na biyo baya cikin 'yan watanni, wani lokaci sai an yi aski biyu ko uku kafin launin ya daidaita da sauran.